Zumuntar ɗalibai Kirista ta jami'armu: abin da na samu a cikinta, da waɗanda na ga sun zame

Duk shekara da zarar an fara sakin sunayen waɗanda suka samu gurbin karatu a jami'a, iyayenmu na Zumuntar Mata sukan tare ni bayan sujada da tambaya guda: "'Yata, ga ƙanenki zai tafi makaranta, wace zumunta za mu ce masa ya shiga?" Amsar ta fi ƙarfin tsayuwar bakin ƙofar majami'a, shi ya sa na ga gara in rubuta ta kowa ya karanta. Ni Bahaushiya ce, Kirista, daga wani ƙauye a kudancin Katsina, wajen Malumfashi. Na yi karatu a wata jami'ar gwamnatin tarayya a nan Arewa, kuma tun daga ajin farko har na fita ina cikin wata babbar zumuntar ɗalibai mai haɗa kowa, wadda ba ta wata ɗariƙa guda ba. Ba zan kira sunanta ko na makarantar ba, domin cikin abin da zan faɗa akwai mai ɗaci, kuma masu hidima a cikinta ɗalibai ne da ba a biyansu ko sisi.

Shawarata tun farko ita ce a shiga irin wannan zumuntar mai haɗa kowa. A duk faɗin makarantar nan babu inda baƙon yaro zai samu taimako kyauta kamar can. Amma shiga daban, zama daban. Na ga ɗalibai da yawa sun cika fom a makon farko da murna, kafin hutun zango ya zo babu su babu labarinsu. Idan kuma ka duba waɗanda suka zame ɗin, za ka ga kusan daga gida iri ɗaya suka fito. A kan wannan nake so in daɗe.

Ga wanda bai san yadda abin yake ba, zumunta a jami'o'inmu ba ɗaya ba ce. Akwai FCS, wato zumuntar ɗalibai Kirista wadda aka fara a Gindiri a 1957, kuma da ita mafi yawan yaran Arewa suke fara sanin zumuntar ɗalibai tun a sakandare. Akwai NIFES, zumuntar ɗalibai masu bishara ta Nijeriya, da aka kafa a 1968. 'Yan Katolika suna da NFCS. Sannan kusan kowace ɗariƙa, ECWA ce, Baftis ce, Redeemed ce ko Deeper Life, tana da reshen ɗalibanta, ban da zumuntar 'yan jiha ɗaya ko 'yan ƙabila ɗaya. Lokacin rajista kowa zai kafa teburinsa yana miƙa maka takarda.

Wajen tarbar baƙi, tamu ba ta da na biyu. Tun daga ƙofar makaranta suke tsayawa. Su karɓi jakarka da ɗan buhun garinka da risho, su raka ka inda ake tantance takardu, su nuna maka layin gwajin asibiti, su gaya maka shagon kwamfutar da ba ya tsuga wa sababbi kuɗi wajen fitar da takardar Remita ta biyan kuɗin makaranta. Yarinyar da ba ta samu gado ba, 'yan'uwa mata sukan maƙala ta a ɗakinsu har ta samu. Kafin jarrabawa 'yan manyan aji suna koyar da lissafi da kemistiri da fiziks kyauta, kuma ba sa tambayar ko kai ɗan zumunta ne. Har ƙawayenmu Musulmi na ajinmu sukan zo, babu mai hana su kujera. Sashen jin ƙai ma yana aiki da gaske. A yajin aikin ASUU na 2022, wanda ya kai wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba, an yi ta bibiyar waɗanda suka maƙale a gari ba kuɗin mota. A farkon 2023 lokacin canjin kuɗi, da takardar naira ta yi ɓatan dabo, tukunya ɗaya aka riƙa ɗorawa a bayan ɗakin kwanan mata, mai shinkafa ta kawo, mai manja ta kawo, wadda ba ta da komai ta zo da kwanonta. Na ci wannan abincin, ba labari aka ba ni ba.

Koyarwar kuma mai kyau ce. Binciken Littafi Mai Tsarki a ƙananan rukunoni shi ne abin da ya fi yi mini amfani. A ba ku nassi, a tambaye ku me ya ce, me yake nufi, me za ku yi da shi gobe. A gida mun saba da sauraro, a nan na koyi buɗe Littafi da kaina. Illarsu ɗaya a wannan fanni ita ce taro ya yi yawa, kusan kowane dare akwai wani abu, kuma ba a cika tashi a kan lokaci ba.

To, su wa suka cika zumuntar? Mafi yawa 'yan Filato ne da kudancin Kaduna da Binuwai da Adamawa da Taraba da kudancin Gombe da kudancin Borno da ƙasar Zuru, sai Yarbawa da Ibo waɗanda aka haifa a Sabon Gari. Wannan ba laifi ba ne, haka Kiristocin makarantar suke. Abin lura yana ƙarƙashin wannan. Waɗanda ke gaba-gaba, masu riƙe makirfo da kiɗa da jagorancin rukunoni, kusan duk 'ya'yan malaman makaranta ne da ma'aikatan jinya da fastoci da ma'aikatan gwamnati da sojoji. Sun tashi a birni, sun yi sakandaren kwana, yawanci ta mishan ko ta gwamnatin tarayya. Kafin su taka jami'a sun riga sun haɗu a tarurrukan hutu, sun san waƙoƙin, sun san yadda ake tsara addu'a, wani ma yayansa ne ya yi shugabanci shekarun baya. Ranar farko da suka shigo ɗakin taro ana rungumarsu da suna. Yaron da ya fito daga sakandaren jeka-ka-dawo ta ƙauye, wanda ubansa sai da ya sayar da masara da akuya kafin a haɗa kuɗin rajista, shi ma an yi masa maraba, an tafa masa, an ba shi biskit da lemo. Amma da aka tashi, waɗancan sun tafi cin abinci tare, shi kuma ya koma ɗaki shi kaɗai. Babu wanda ya nufe shi da sharri. Kowa dai ya bi wanda ya sani.

Harshe ne katanga ta farko. Komai da Turanci ake yi, raha kuma da Turancin Broka. Akwai dalili, domin cikinmu akwai waɗanda ba sa jin Hausa ko kaɗan. Sai dai mafi yawan 'yan'uwanmu Angas da Birom da Bajju da Tangale da Bachama da Bura da 'yan Zuru suna jin Hausa sarai. Da yawansu da ita ake sujada a ikilisiyoyin garinsu, iyayensu mata da ita suke waƙa a Zumuntar Mata, har sunan TEKAN, tarayyar da ta haɗa ikilisiyoyinsu da dama, da Hausa aka raɗa shi. Amma a makaranta sai Hausar ta koma 'yar gajeriyar waƙa guda cikin yabo, a yi rawa a wuce. Wasu suna ganin Turanci shi ne ci gaba. Wasu kuma akwai miki a zuciyarsu. Wanda ya rasa ɗan'uwa ko gida a rikicin Kaduna na 2000 ko na Jos na 2001 ko waɗanda suka biyo baya, wani lokaci harshen ma kansa yana tuna masa da ciwo, kuma ban ga laifinsa ba. Duk da haka, sakamakon a kanmu yake sauka. Ni da Hausa nake addu'a, da ita nake kuka a gaban Ubangiji. Idan aka ce "Sista, rufe mana da addu'a," sai in tsinci kaina ina lissafin nahawu maimakon in yi magana da Allah. Na san yarinyar da aka yi wa 'yar dariya don ta furta wata kalma ba daidai ba tana karanta nassi. Ba dariyar mugunta ba ce, kuma nan take aka wuce. Ita kuwa ba ta sake ɗaga hannu ba, bayan 'yan makonni ta daina zuwa.

Sai kuma tambayar da kowane Bahaushe Kirista ya sani. Da zarar na faɗi garinmu, sai idanu su buɗe: "Kai, yabo ga Ubangiji! Yaushe kika tuba? Iyayenki sun kore ki?" Kakana ne ya karɓi bishara. An haifi mahaifina a cikin ikilisiya, shi dattijo ne a cikinta yanzu. An gama fassara Littafi Mai Tsarki gaba ɗaya da Hausa tun 1932. Ikilisiyar Hausawa ta Wusasa kusa da Zariya, wadda aikin Likita Mila da mishan ɗin CMS ya haifar, ta girmi ikilisiyoyin da wasu masu tambayar suka fito. A kudancin Katsina da kudancin Kano da arewacin Kaduna akwai ƙauyuka masu majami'u cike da Hausawa, muna da tarayyarmu ta Masihiyawa. Amma 'yan'uwanmu da yawa ba su taɓa jin labarinmu ba. Sai ka zama ko dai abin mamaki, ana ta roƙonka ka ba da shaidar da ba ka da ita, ko kuma abin zargi.

Zargin nan na gan shi da idona, kuma shi ne abin da ya fi ƙona mini rai a duk zamana. Ana bincike a ƙofar wurin sujada, kuma dole ne a yi. Duk wanda ya tuna harin da aka kai wa masu sujada a Jami'ar Bayero ta Kano a watan Afrilun 2012 ba zai ce a daina ba. Amma akwai wani ƙanenmu daga wajen Tudun Wadan Kano, wanda kayan Lahadinsa kaftani ne da hula, irin wanda ubansa da fastonsu suke sawa a gida. Kowa a shafa masa sandar bincike ya wuce, shi kuwa sai an tsayar da shi, a buɗe jakarsa, a tambaye shi wa ya gayyato shi. Mako bayan mako, domin masu tsaron ƙofar canzawa suke yi. Ranar da na same shi a kan maganar, abin da ya ce mini shi ne: "Yaya, a gari ana ce mini arne, a nan kuma ana tambayata me na zo yi. Gara in tafi inda aka san ni." Ya koma wata ikilisiya a cikin gari mai sujadar Hausa, yana biyan kuɗin mota duk Lahadi. Da shugabanni suka ji sun ba shi haƙuri da zuciya ɗaya, amma ya riga ya tafi.

Katanga ta biyu kuɗi ne, kuma ita ba ta da ƙara. Ba a sayar da komai a zumunta, ba a tilasta wa kowa baiko. Amma in kana so ka shiga ciki sosai, ƙananan abubuwa ne za su yi ta bin ka. 'Yan kwaya, wato rukunin mawaƙa, suna da anko, kuma launin yakan canza daga wannan taro zuwa wancan. Ga rigar makon zumunta, ga kuɗin wata na sashe, ga gudummawar ranar haihuwar wani, ga tikitin liyafar bankwana ta 'yan ajin ƙarshe, ga kuɗin motar zuwa babban taro. Sanarwa duk a WhatsApp take, wanda ke riƙe da ƙaramar waya sai ya ji a bakin wani bayan an gama. Kowane ɗaya cikin waɗannan ba wani abu ba ne ga wanda ake turo wa kuɗi duk wata. Ga wadda ke auna gari da gwangwani kuwa, tikitin liyafa ɗaya abincin mako ne. Bayan cire tallafin man fetur a 2023, da kuɗin makaranta da na abinci suka tashi, abin ya ƙara fitowa fili. Kullum ana sanarwa cewa wanda ba shi da hali ya ga shugaban jin ƙai, kuma in ka je za a taimake ka. Amma mu da aka rena da kunya, mu je mu ce ba mu da kuɗin ɗinki a gaban sa'o'inmu? Yarinya mai murya kamar ta mahaifiyarta a Zumuntar Mata sai ta ce karatu ya yi mata yawa, ta bar kwaya. Daga barin kwaya sai barin taron tsakiyar mako.

Yadda ake zaɓen shugabanni shi ke sa abin ya maimaita kansa. Kwamitin 'yan manyan aji ne ke zama, su yi azumi da addu'a, su fitar da sunaye. Na yarda da gaskiyarsu. Amma mutum ba ya ambaton wanda bai sani ba, kuma wanda aka sani shi ne wanda ke zuwa kowane taron dare. Wanda ke zaune a wajen makaranta saboda ɗakin can ya fi araha, wanda ke ɗinki ko aski ko sayar da kati don ya ci abinci, matar aure mai goyo, wanda ya shigo ta aji biyu da difloma ko NCE ko IJMB ya tarar sa'o'insa sun riga sun ƙulla abota, duk waɗannan ba a ganinsu da dare. Sai shugaban da ɗalibai ke kira Papa da shugabar mata da ake kira Mama su sake fitowa daga irin gidajen da na baya suka fito. Asarar kuma ba ta tsaya a makaranta ba. A cikin wannan da'irar ake samun abokan rayuwa, da yawa a nan suke haɗuwa da wanda za su aura, daga nan ake haɗa ka da gidan NCCF, zumuntar Kiristoci masu hidimar ƙasa, idan ka tafi hidimar, tsofaffin ɗalibai kuma su ne ke kiran waya idan an samu gurbin aiki. Wanda ya fi kowa bukatar wannan tsani shi ne ke fara sauka daga kansa.

Waɗanda suka zame, a rahoton sashe sai a rubuta cewa sun yi sanyi, a sa su a addu'a. Wasu kam sun yi sanyin. Amma mafi yawan waɗanda na sani suna nan da bangaskiyarsu, wuri kawai suka canza. Wasu sun koma zumuntar ɗariƙarsu, wasu ta 'yan garinsu, wasu ikilisiyar cikin gari. Waɗanda nake jin tsoro a kansu su ne waɗanda ba su koma ko'ina ba, ranar Lahadi suna kwance a ɗaki, a gida kuma iyaye sun ɗauka suna sujada.

Ni abin da ya riƙe ni mutum ɗaya ce. Wata 'yar aji huɗu, 'yar Tangale, daga sashen ziyara. Bayan na yi fashin taro, sai ga ta a ƙofar ɗakinmu da yamma. Da Hausa ta yi sallama. Ta zauna a kan tabarmata, ta ci tuwon da na tuƙa da miyar kuka, ta tambayi Inna da Baba da yadda damina ta yi a wajenmu. Ba ta yi mini wa'azi ba. Da za ta tafi ta ce, "Ƙanwata, gobe zan biyo miki mu tafi tare." Ta kuwa biyo, kuma da muka shiga ta zaunar da ni cikin ƙawayenta. Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake, kuma a zumuntar nan na ga gaskiyar maganar. Duk wanda na sani daga irin gidanmu da ya zauna har ƙarshe, in ka bincika akwai wani da ya taka ya je ɗakinsa a makonnin farko. Abin takaici, sashen ziyara shi ne mafi ƙarancin ma'aikata, domin kowa kwaya da wasan kwaikwayo yake so.

Muna aji uku muka kai wa shugabanni roƙon a ba mu izinin rukunin binciken Littafi da Hausa. Da farko sun ji tsoron kada a ce an raba zumunta ta hanyar ƙabila, kuma damuwar tasu tana da tushe. Mun zauna da su a kan Ayyukan Manzanni sura 6, inda masu bi da ke jin Helenanci suka yi gunaguni cewa ana ƙyale gwaurayensu mata a rabon abinci na kullum. Manzanni ba su ce musu su yi shiru don a zauna lafiya ba. Sun sa an zaɓi mutum bakwai su riƙe aikin, su Istifanas da Filibus, kuma dukansu sunayensu na Helenanci ne, wato an damƙa hidimar a hannun ɓangaren da ya yi kukan. Shugabanmu na lokacin, wani ɗan Binuwai da ba ya jin Hausa sosai, shi ne ya fara amincewa, kuma ina girmama shi a kan haka har yau. Da aka buɗe rukunin, ba Hausawa kaɗai suka zo ba. 'Yan Zuru sun zo, 'yan kudancin Bauchi sun zo, har da wasu masu aikin shara da gadi a makarantar. Yarinyar nan da aka yi wa dariya ta dawo, ita ce ma ta riƙa ba da waƙa daga Littafin Waƙoƙi.

Idan maki zan ba su, tarba da jin ƙai da koyarwa sun ci huɗu da rabi cikin biyar. Riƙe wanda ya zo shi kaɗai, ba Turanci mai santsi ba kuɗi, biyu ne, kuma na yi musu sassauci don na san niyyarsu. Yaron da ya tashi a birni ya yi zumunta a sakandare zai ji kamar gida tun ranar farko. Yaron ƙauye ma ya shiga, amma kada ya tsaya a babban taro, a nan ne ake ɓacewa. Ya nemi ƙaramin rukunin binciken Littafi ko sashen ziyara tun makon farko, inda za a san sunansa. Iyaye, kafin ya tafi ku roƙi Baba Fasto ya nemo lambar wani ɗan yankinku da ke manyan aji, a damƙa yaron hannu da hannu. In da hali a ɗan ware masa wani abu na hidimar zumunta daban da kuɗin abinci. Idan kun kira shi kuma, bayan kun tambaya ko yana zuwa sujada, ku tambaye shi da wa yake tafiya, da wa yake cin abinci bayan an tashi.

Rukunin Hausar yana nan, wani ƙanenmu ne ya karɓa da muka fita, kuma labarin da nake samu suna haɗuwa ranar Asabar da yamma. Har yanzu dai ba a sa shi cikin jadawalin mako da ake bugawa ba, da baki ake sanar da shi, saboda haka sabon ɗalibi sai ya tambaya a wurin 'yan sashen ziyara kafin a nuna masa wurin.